Rabin Magani

Shafi na 23

Da sunan Allah mai rahama. Masu aiko mini da saƙo wai na daɗe ban saki shafi ba, na ji ku. Ni ba injin niƙa ba ne, kuma sannu ba ta hana zuwa. Ita kuma wadda ta rubuto tana zagin Baba mai feshi da taurin kai, ta riƙe bakinta sai ta kai ƙarshen wannan shafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda yau ya fara bin mu, ga inda aka kwana. Baba mai feshin maganin ƙwari ya yi jinyar tarin fuka bara, aka ce ya warke, bana tarin ya dawo. 'Yar autarsa da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ita ta kai kakinsa aka duba. Aka ce ƙwayar cutar ta daina jin maganin farko, sai an kwantar da shi an fara masa wani mai tsawo. Shi kuwa ya ce ba inda za shi.

*

Da hantsi Auta ta iso. Sai da ta fara tsallaka titi ta miƙa 'yarta ga Gwaggo mai raino kamar kullum, don tun da tarin ya dawo ta hana a shigo da yarinyar gidan iyayenta. Gwaggon ta karɓe ta ta goya, tana cewa sanyin asuba ya shaƙe mata murya. Auta ba ta tsaya saurare ba, hankalinta na kan abin da ya kawo ta.

A bakin ƙofa ta ɗaura takunkumi ta yi sallama.

Baba na kwance kusa da taga, wadda ita ta ce kada a ƙara rufewa. Tankin feshinsa na rataye a bango, igiyarsa ta cinye saboda shekarun da ta yi a kafaɗarsa. Inna na zaune a ƙasa wajen ƙafafunsa tana ninke wanki. Ba ta ɗago ba.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Likita."

Ku da ba ku san gidan ba za ku ce girmamawa ce. Mari ne. Tun ranar da aka haife ta bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Bakwaini, don wata bakwai ta yi a ciki. Ko ranar da ta kawo takardar gama karatu, cewa ya yi Bakwaini ta zama mutum. Tun da rigimar nan ta taso ya koma ce mata Likita, ita da ba likita ba.

Ta haɗiye ta zauna a kan kujera. Ta gaya masa an riƙe masa gado a asibiti zuwa yamma, in bai je ba za a ba wani, kuma masu jira suna da yawa. Ya ce a ba su, Allah ya ba su lafiya. Ta ce ta yi magana da mai mota yana jiran kiranta. Ya ce ta sallame shi ya je ya nemi abincinsa.

"Jabu suka ba ni bara," in ji shi. "Yanzu kunya ta kama su, sai suka ce wai ƙwayar cuta ce ta canza. Ni za a gaya wa jabu? Na ga maganin da in ka fesa, kyankyaso kafin ya kai bakin rami ya juya ciki sama. Yau ka fesa masa, sai ya tsaya ya yi wanka da shi ya gode maka."

Tari ya sarƙe shi. Inna ta ajiye wanki ta tallafo kansa, ta riƙe masa kofi har ya lafa.

Auta ta bari sai da numfashinsa ya dawo, sannan ta tuna masa gidan burodin nan da ya yi shekaru yana yi wa feshi. Ya ce ya tuna mana, wa zai manta da mai gidan burodi, mutumin da ko gaisuwa sai ya rage mata tsawo. Ta tuna masa yadda yake dawowa gida yana faɗa, wai mutumin ya sa shi ya ninka ruwa don gwangwani ɗaya ya isa ɗakuna duka.

"Shekarar farko me ka gani, Baba?"

"Shara guda muka kwashe."

"Duka suka mutu?"



"Akwai 'yan tsiraru da suka ja ciki suka shige bayan tanda."

"Da aka jima fa?"

"Sai suka cika wurin. Ka fesa, ko a jikinsu."

"Ragowar gwangwanin nan fa, da kake kai wa sababbin gidaje?"

Inna ce ta amsa a madadinsa, kanta na ƙasa, ta ce ai shi da bakinsa yake cewa a can yana kashewa.

Auta ta ce to ashe ba jabu ba ne. Ta ce dama can a cikin taron kyankyasai ba duka suke ɗaya ba, kamar yadda 'ya'yan ciki ɗaya ba sa zama ɗaya. Akwai mai saurin faɗuwa, akwai mai taurin rai. Da an fesa da ƙarfinsa, da har mai taurin ran ya tafi. Da aka tsinka shi da ruwa, sai ya share masu rauni ya bar wa masu taurin ran ɗaki da abinci. Su suka hayayyafa.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Baba. Kai ka koya mini. Abin da ya faru a bayan tanda shi ya faru a ƙirjinka."

Na rantse ya gane. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskarsa ta nuna. Amma sai ya juya ta bango.

"Na san inda maganar nan za ta. Mai gyaran rediyo ya faɗa mini. Daga kyankyaso a koma ƙwayar cuta, daga ƙwayar cuta a ce kakana biri ne. Allah ya halicci komai ya gama, ke kin zo kina ce mini halitta na canzawa. Ban sa ki makaranta don ki dawo ki gyara wa Ubangiji aiki ba."

Maganar ta soke ta. Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza gefen mayafinta.

Da ta buɗe baki, a hankali ta yi magana. Ta ce ba ta zo da maganar biri ba. Wannan magana ce mai tsawo, masana sun yi ta, malamai sun yi ta, ita kanta akwai inda ta kai ta tsaya ta ce Allah ne masani. Abin da ta zo da shi abu ne da take gani da idonta a madubin gwaji kowace safiya.

"Wanda ke juya dare ya zama rana, Baba, juya ƙwayar cuta zai gagare Shi? Ni in na leƙa madubin nan ba na ganin wani mai iko ban da Shi. Tasbihi nake yi. Kai kuma kana kallona kamar na bar salla."

Inna ta ɗago ta dube ta, ta dubi mijinta, ta sake sunkuyawa.

Shi kuwa bai juyo ba. Ya ce to ya ji. Tun da karatunsu ya ce mai ƙarfi ya rayu mai rauni ya kauce, ga shi nan, shi ne mai raunin. A bar shi ya kauce, a ba mai ƙarfi gadon.

"Wa ya ce maka haka karatun ya ce?"

"Haka ake faɗa."

"Labarin yadda abu ke faruwa ne, ba umarni ba ne. Da umarni ne da ba a gina asibiti ba."

Ta jawo kujerar kusa da gadon.

"Baba, ni wace ce?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Inna ta ba ni labari. An ce da aka haife ni ban kai tafin hannunka biyu ba. Ungozoma ta ce kada a sa rai. Ka buɗe maɓallan rigarka ka sa ni a ƙirjinka, ka daina fita feshi don kada in shaƙi wari a jikinka, har masu gidaje suka koma wa wani. Me ya sa ba ka ce mai rauni ta kauce ba?"

Kafaɗarsa ta motsa. Ba tari ba ne.

"Ƙirjin nan na san shi kafin in san komai a duniya. Ka bar ni in yi masa abin da ya yi mini."

Daga tsallaken titi ana jiyo Gwaggo mai raino tana yi wa yara wasa. Baba ya ɗan ɗaga kai ya leƙa taga, ko zai hango jikarsa, wadda yake kira Amarya. Rabonsa da ɗaukarta tun kafin ta fara zama.

Da Auta ta bar maganar a nan, da wataƙila ya tashi. Amma yaro bai san inda ake tsayawa ba. Ta ce abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai, kuma likita zai tambaya. Irin wannan yawanci ba ya faruwa sai in ba a sha maganin farko yadda aka ce ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. To ita ta san bai tsallake ko rana ɗaya ba, don kullum ta kira Inna sai ta ce ya sha.

Nan take mutumin da ya fara laushi ya koma dutse.

"Na sha duka."

"Baba, ba cewa na yi..."

"Na ce na sha duka. Jabu ne. Tashi ki tafi aikinki, Likita. Ba za ni ba."

Rigar da ke hannun Inna ta faɗi ƙasa.

"Malam," ta ce.

"Tashi ki ɗora mini ruwa."

"Malam, bari in faɗa."

"Na ce ki ɗora ruwa."

Tun suna da baƙin gashi bai taɓa cewa ta tashi ta zauna ba. Yau ta zauna. Ta juyo wajen 'yarta.

"Ƙwaya huɗu aka ce. Biyu nake ba shi."

Auta ta dube ta kamar da wani yare ta yi magana.

Inna ta ce da farko huɗun take ba shi. Sai ya yi ta amai, ba ya iya cin komai, gaɓoɓinsa na ciwo, fitsarinsa ya koma ja. Ta ce a ranta wannan magani ya fi ƙarfin tsoho. Ana cikin haka wata ta zo mata a ɓoye tana kuka, ita ma tari, ita ma zufar dare, kuma ta rantse ba za ta je asibiti ba don kada a ji. Sai ta ga ga mai yawa ya yi masa yawa, ga wadda ba ta da ko ɗaya. Ta raba. Shi aman ya tsaya, ita tarin ya tsaya. Ta yi ta gode wa Allah, tana ganin ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

"Sai yanzu da kika yi maganar gidan burodi na gane. Ni ce na tsinka masa da ruwa."

Ku mata da ke karanta wannan, ku buɗe kunne. Alheri danƙo ne, gaskiya ne, amma magani ba gishiri ba ne da ake sam wa maƙwabta. Garin neman gira ake rasa ido. Ban faɗa don a zagi Inna ba. Matar da ba ta taɓa kai loma baki ba sai ta waiga ta ga wa ke kallo, ita ce irin wannan kuskure ke samu. Marowaci ba ya yin sa.



Inna ta rarrafa ta dafa ƙafar mijinta.

"Ka yafe mini, Malam. Ni na jawo maka. Ba ka sani ba, kana ta zagin mutanen asibiti a banza."

Sai a lokacin ya juyo gaba ɗaya. Idanunsa sun yi ja.

"Wa ya ce miki ban sani ba?"

Su biyun suka zuba masa ido.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna magani a murfin kwalba, shi ne ba zai san biyu daga huɗu ba? Tun ranar farko na gani a tafin hannunki. Na ce tausayina kike ji. Ni ma kuma na gaji da aman. Na haɗiye na yi shiru. In laifi ne, rabi naki rabi nawa, kamar maganin."

"To me ya sa..." Auta ta fara.

Ya ce ta bari ya gama, numfashinsa ba shi da yawa. Ya ce ranar da ta zo da sakamakon gwaji ta ce cutar ta daina jin magani, a ranar ya gane. Ba sai an kawo masa gidan burodi ba, shi ya yi feshin. Amma ya san asibiti. Za su tsayar da uwarta a gaban mutane, wani yaro sa'an jikanta ya ɗaga mata murya, ya tambaye ta wa ke ba shi magani. Daga nan yayyenta maza su ji. In ya mutu, har ta koma ga Allah za a riƙa nuna ta ana cewa ita ta kashe mijinta.

"Gara a ce tsoho ya mutu da taurin kai. Wannan kowa zai yarda, har ku."

Inna ta kifa fuskarta a kan ƙafafunsa. Ya miƙa hannu bai kai kanta ba, sai ya dafa gefen ɗankwalinta.

"Maganar biri fa, Baba?"

Ya yi wani guntun murmushi.

"Birin nan ɗauko shi na yi na tare ƙofa da shi. Na ga in na ce jabu kina da amsa, in na ce tsufa kina da amsa. Na ce bari in kawo abin da zai sa ki yi fushi ki tafi. Ni ina ruwana da mai gyaran rediyo, mutumin da ko rediyon bai iya gyarawa ba." Ya numfasa. "Abin da ban sani ba na bar wa Allah. Amma na san 'yata. Na san ba ki bar salla ba. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi yi mini nauyi."

Auta ta sa bayan hannu ta share idonta, takunkumin ya riga ya jiƙe. Ta ce babu wanda zai tsayar da Inna a gaban kowa. Ita za ta shiga wurin likita ita kaɗai ta ce ba a sha maganin daidai ba, iyakar abin da yake buƙatar ji ke nan. Yayyenta kuwa, in suka ji daga bakinta, kada Allah ya sa ta gama lafiya.

Ya ce ta janye wannan rantsuwa, ba ya son ta. Alkawari ya ishe shi.

Ta yi alkawari.

Ya tambaya ko sabon maganin ma yana sa amai. Ta ce yana sawa, har ya fi na farko, kuma zai daɗe yana sha, ba za ta ɓoye masa ba. Ya tambaya ko za a bar uwarta ta riƙa zuwa. Ta ce za a bari, da takunkumi, kuma ita ma sai an duba ta. Ya ce to a gaya wa masu ba da maganin su riƙa ƙirgawa da kyau, don yana da mata mai kyauta.

Inna ta yi dariya cikin kuka, ta ce Allah ya shirye shi.

Ya dafa bango ya tashi zaune. Ya daɗe yana kallon tankin feshinsa.

"Ɗauko mini farar rigata, Bakwaini."

Ta tashi da sauri kamar mai tsoron kada ya janye sunan. Ta ɗauko rigar a cikin wankin da Inna ta ninke, ta sa masa hannu ɗaya, Inna ta sa masa ɗayan. Maɓallan ita ta ɓalla masa, tun daga ƙasa har wuya. Ta kira mai mota, ya ce ga shi nan tafe.

Baba ya ce abu ɗaya yake roƙo. Kafin ya shiga mota a fito masa da Amarya bakin ƙofar Gwaggo, ya ɗaga mata hannu daga nesa, kada ta ce ango ya gudu bai yi sallama ba.

Auta ta ce an gama. Ta durƙusa tana sa masa takalmi, sai hannunta ya tsaya.

"Inna."

"Na'am."

"Ita wadda kika ba rabin. Ita ma rabi ta sha."

"Ai ta warke. Tarin ya tsaya tun bara."

"Na Baba ma ya tsaya bara."

Baba ya dubi matarsa, don wannan kam bai taɓa tambaya ba.

"Dole a duba ta yau, ita da duk wanda ke kwana ko wuni a ɗakinta. Wace ce?"

"Na yi mata rantsuwa. Ta ce in aka ji, ba wanda zai ƙara kawo mata..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta sa hannu ta toshe bakinta, idanunta suka tafi taga.

Auta ta bi idon uwarta. A tsallaken titi Gwaggo mai raino na tsaye a bakin ƙofarta. Ta sauko da Amarya daga baya ta rungume ta a ƙirji, fuska da fuska, tana yi mata wasa, yarinyar na kama mata leɓe tana dariya.

Sai Gwaggon ta fara tari.